Motar Soja a Ƙofar Gidan Baba Kofur

Abu guda Baba Kofur ya taɓa roƙona a duk shekarun da muka yi tare: in bar shi ya tuƙa motata daga Dutse Uku zuwa ƙofar gidansa a Anguwan Rukuba, matarsa ta fito ta gan shi a kan sitiyari. Tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a a ƙafa ba. Na amince tun ranar da ya faɗa, amma sai da muka yi shekara huɗu kafin motar ta iya fita daga fili.

Tsohuwar motar soja ce ta ɗaukar kaya, mai taya shida, doguwa har sai mutum ya taka ƙarfe biyu kafin ya kai kujerar direba. Biyu na saya a gwanjo, shekarar da na bar aikin gidan rediyo. Ɗaya injinta na da sauran rai amma jikinta ya ruɓe, ɗayar jikinta garau, injin ya daɗe da mutuwa. Niyyata ɗaya ta cinye 'yar uwarta ta rayu. Ba don haya na saye su ba, ba kuma don kasuwanci ba. Mahaifina direban babbar mota ne a zamanin haƙar kuza, da ƙarar injin gas nake farkawa ina yaro, kuma ban taɓa warkewa daga son wannan ƙarar ba. Na jawo su na ajiye a filin da ke bayan gidana, inda a da nake shuka kabeji.

Maiɗakina ta tsaya ta dube su ranar da aka kawo.

"Malam, maƙwabcinmu yana kiwon tantabaru, suna ba shi 'yan shila. Wannan kiwon naka me zai ba ka?"

Ita ta amsa da kanta. "Baƙin mai a riga. Ni kuma wanki."

A takardar gwanjon akwai sharaɗi a rubuce: sai an canza launin motar kafin ta hau titi. Saboda haka a makon farko na sa aka watsa wa mai lafiyar jikin shuɗin fenti, irin wanda ake shafa wa ƙofar shago. Muka ɗora mata injin ɗayar. Bakanike uku na kira ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya tayar da ita. Na ukun ne da zai tafi ya ce akwai wani tsoho mai gyaran janareta a bakin titin Anguwan Rukuba, tsohon soja ne, in na samo shi wataƙila.

Ran Asabar ya zo, a ƙafa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat. Ya zagaya motar sau biyu bai taɓa ta ba. Ya buɗe akwatin batir ya leƙa.

"Wane ɗan iska ya sa batir ɗaya?"

Na ce bakanike.

"Bakaniken keke ne. Wannan motan batir biyu yake sha. Je ka kawo ɗan'uwansa."

Hausarsa irin ta titin Jos ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kuma da ita ya koya mini duk abin da na sani game da motata. Da aka kawo batir na biyu, ya kwance bututun mai, ya zuƙe iskar da ta shiga ciki da bakinsa, ya tofar, ya ɗaure. Ya hau ya murɗa. Ta yi tari sau uku ta kama. Baƙin hayaƙi ya rufe shanyar maiɗakina. Ya zauna a sama hannunsa biyu a kan sitiyari, ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko, abin da ya fara faɗa game da launin ne.

"Malam, ka sa wa soja rigan 'yan makaranta."

Daga nan kowace Asabar yana zuwa. Na yi masa maganar lada ya ce in riƙa ba shi shayi mai kauri kawai, da masa in akwai. Direba ne kuma bakanike a soja, da kofur ya shiga fansho. Yakan ce sau biyu aka so a ba shi saje, sau biyu bakinsa ya hana. Aikinmu yana da tsari da bai taɓa canzawa ba. Ya bi tayoyi shida da guntun rodi yana bugawa yana saurare. Ya kwanta a ƙasa ya buɗe 'yar fanfon tankin iska, ruwan da sanyin Jos ya tara a ciki ya tsiyaye. Ya duba baƙin mai, ya duba ruwan lagireto. Sai a tayar, a jira allurar iska ta hau, domin birkin motar da iska yake aiki, kuma in iska ba ta cika ba kana tafe ne ba birki. In yana son jin ciwon inji, sai ya dafa bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido. Bayan haka mu matsa da ita gaba taku uku, mu dawo da ita baya taku biyu, don kada tayoyin su kwanta a gefe guda. Iyakar tafiyarta ke nan tsawon shekaru.

Akwai lokutan da gari ba lafiya, ya yi mako uku ko wata guda bai tsallako ba, ni ma ban tsallaka ba. In ƙura ta lafa sai in ji bugun rodi a jikin taya da safe. Mu gaisa, in tambaye shi mutan gida, ya tambaye ni nawa. Ba mu taɓa zancen abin da ya hana shi zuwa ba.

A cikin shekarar farko ya faɗa mini buƙatarsa. Muna shan shayi a inuwar motar ya ce bayan ya bar soja ya yi aure. Matarsa ba ta taɓa ganinsa yana tuƙa ko da ƙaramar mota ba. 'Ya'yansa sun tashi sun same shi tsugune a gaban janareta, jikokinsa ma haka. In ya ba su labarin yadda ya hau da mota irin wannan kan tudu da kaya har sama, sai Mama, haka yake kiran matarsa, ta ce, "To, direba, ga tuwonka yana hucewa."

"Ba ta ce ƙarya nake yi ba," in ji shi. "Amma bai gani ba. Ina so ya gani sau ɗaya."

Abin da ya riƙe mu birki ne da tayoyi. Robobin birkin sun bushe sun tsattsage, babu irinsu a kasuwa. Na ɗayar motar ma sun mutu. Sai da wani mai kayan gyara ya samo mana wasu daga kudu bayan wata takwas, biyu suka dace, sauran Baba ya yanka daga tsohon tif na tirela ya rage su da reza. Tayoyi kuwa ɗaya-ɗaya na riƙa samo su, duk na hannu. Ita ɗayar motar tana ta raguwa: yau mun cire gilashi, gobe mun kwance ƙofa, har ta koma ƙashi, kaji suka mayar da ita wurin kwana. 'Yan gwangwan sun sha leƙowa ta katanga suna tambaya ko ta sayarwa ce.

A shekara ta huɗu na lura Baba ya fara laluben sufana. Yana miƙa hannu ya ɗauki goma sha uku maimakon goma sha huɗu, mutumin da a da daga nesa yake faɗin lambar noti. Wata Asabar ya zuba ruwa kusa da bakin lagireto, rabin ya bi ƙasa. Ya ajiye jarkar.

"Likita ya ce idon hagu ya tafi. Na dama yana bin shi a baya."

Na ce ai ana aiki a cire yana.

"Ba yana ba ne. Ya ce jijiya ne." Ya goge hannu a wando. "Yarona ya gama gini a ƙauye. Bayan damina zai kwashe mu. In za a yi, Malam, a yi yanzu."

A lokacin birki ya kama, tayoyi sun cika shida, takardun hawa titi na hannuna. Da mun fita a makon nan da shuɗiyar mota, da ba ni da abin rubutawa. Amma Baba ya ce ba zai kai wa Mama motar ɗaukar buredi ba. Motar da ya tuƙa koriya ce. In ba koriya ba, ba ita ba ce.

A nan laifina yake, kuma ba na son in rage shi. Na san sharaɗin da ke cikin takardata. Da bakina na sha karanta sanarwar hukuma a rediyo cewa farar hula ba shi da izinin amfani da launin soja a mota ko a tufa. Da bakina kuma na sha karanta sanarwar hana fita, na san abin da ke fara shigowa unguwa kafin a karanta ta. Duk da haka na ce wa kaina rana ɗaya ce, tafiyar minti goma, mu je mu dawo in mayar da shuɗin. Gaskiyar magana ita ce ni ma ina son in gan ta da launinta.

Ya nemo asalin launin a bayan kujera, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Muka kwance ɗan murfin ƙarfe daga wurin muka kai wa mai haɗa fenti a kasuwa. Sau uku yana haɗawa, Baba yana kai murfin dab da idonsa na dama yana cewa bai yi ba. Na farko ya yi ganye da yawa. Na biyu ya yi ƙasa da yawa. Na uku ya dace amma yana ƙyalli.

"Soja ba ya ƙyalli. Kashe shi."

Mai fentin ya kashe ƙyallin, yana rufe gwangwani ya dube ni.

"Oga, wannan kalar fa. A ina za a shafa?"

Na ce a bayan gida.

"To, ta zauna a bayan gida."

Asabar uku muka yi muna kankare shuɗin da shafa koren. Damina ce, sai mun jira yayyafi ya ɗauke. Da muka gama, ya ce saura tamfol. Mun daɗe da samun tsohon tamfol na bayan motar, yana naɗe a zaure. Na ce mu bar bayan a buɗe. Ya ce motar soja ba ta tafiya tsirara. Ya ɗora shi a kan ƙarafan, ya bi ramukan da igiya ɗaya bayan ɗaya da lalube, ya ja labulen baya ya ɗaure tamau. Duk wanda ya kalle ta daga waje ba zai san ko babu kowa a ciki ba, ko akwai mutum talatin.

Na tambaye shi ko ya gaya wa Mama.

"In na faɗa, zai ce ido na ba kyau, kar in hau. Bari ya ji ham kawai ya fito."

Ni ma ban gaya wa mai unguwarmu ba. Maƙwabtana sun san da motocin, amma shuɗiya suka sani, a bayan katanga. Maiɗakina kaɗai ta ga koren, ita kuma ta tafi suna Anguwan Rogo tun da safe, ban ce mata yau ce ranar ba.

Wajen ƙarfe goma muka fita. Gari lafiya lau, an yi watanni ba a ji komai ba. Baba ya zo da wata tsohuwar rigar sanyi koriya mai faci a gwiwar hannu, ya yi aski. Ya bi tayoyi, ya zubar da ruwan tanki, ya jira iska ta cika. Na rushe ɓangaren katangar langa-langa da muka tanada, na hau gefensa. Aikina in zama idonsa na hagu. Kafin ya saki birki ya miƙa hannu ya kunna manyan fitilu.

Na ce, "Baba, rana ce."

"Haka ake fita."

Haka aka koya masa, haka ya yi shekaru yana yi: fitila a kunne, tafiya a hankali, ba a wuce giya ta biyu a cikin mutane. Ya fito da ita daga lungu ba ta goga ko'ina ba, tazarar da ke tsakaninta da katangar maƙwabcina ba ta fi tafin hannu ba. Ya sa giya ba ƙara. Ban taɓa zama a gefen direban da ya kai shi ba, har da mahaifina.

Mai shayin bakin layinmu shi na fara gani. Ya ɗaga kai, ya ajiye buta, ya fara tattara kofuna. Na ɗaga masa hannu, amma daga ƙasa ba a ganin wanda ke ciki, gilashin ya yi sama kuma fitilu na haska ido. Mai kanti na kusa da shi ya jawo ƙofar ƙarfe. Na gaba ya ji ƙarar, ya jawo tasa. Ƙarar ta riƙa tafiya a gabanmu, shago bayan shago. Wani ɗan keke ya juya a tsakiyar titi da fasinjojinsa ya koma inda ya fito. Wata mai tumatir ta ɗauki tire ɗaya ta bar biyu.

Baba bai ga wannan ba. Idonsa guda yana kan kwalta, taku goma a gabansa.

"Hanya ya buɗe," ya ce. "Ka gani? Suna ba mu hanya."

A nan ya kamata in ce ya tsaya. Na buɗe baki, na dubi fuskarsa, na rufe. Na ce a raina saura minti biyar.

Wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce.

"Malam, kana ina? Ka shiga gida ka rufe. An ce sojoji sun cika Dutse Uku, mota uku. An ce an fara a Rukuba."

Na ce mu ne.

"Ku wa?"

"Ni da Baba. Motar ce."

A bayanta ina jin mata suna kiran 'ya'yansu. Sai ta ce, "Gidan suna ya watse, Malam. Ko abinci ba a raba ba." Ta kashe.

Daga baya na gane yadda labarin ya rabu biyu. Mutanenmu sun ga mota ta nufi Anguwan Rukuba, suka ce wani abu ya faru a can. Mutanen can aka buga musu waya cewa sojoji sun fito daga Dutse Uku, suka ce wani abu ya faru a wajenmu, kuma yana tafe. Waya ta fi giya ta biyu sauri. Kafin mu tsallaka mararraba, labarin ya riga mu isa.

Layin su Baba matsattse ne, ya hau tudu, duwatsu a bayan gidajen. Ya shiga da ita a giya ta ɗaya. Babu kowa. Ga turmi da taɓarya a ƙofar wani gida, ga wanki a cikin baho da kumfarsa, ga tukunyar gwate a kan murhu tana tafasa ba mai juyawa. Ya tsaya daidai ƙofarsa, ya ja birki, iska ta yi tsaki. Ya gyara wuyan rigarsa. Ya danna ham sau biyu.

Ham ɗin motar soja ba irin na sauran motoci ba ne. Ya bugi duwatsu ya dawo.

Muka jira. Ya sake dannawa.

"Wataƙila yana bayan gida," ya ce. "Kunnensa ma ya fara nauyi."

Sai a lokacin na gaya masa. Na ce, "Baba, babu kowa a layin. Tun daga Dutse Uku mutane gudu suke yi."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da idon dama.

"Gudun me?"

Ya dubi bonet, ya dubi hasken fitilunsa a jikin bangon gidansa da rana tsaka. Ya miƙa hannu ya kashe su. Bai kashe injin ba tukuna, ya ƙara minti biyar ko fiye a zaune, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon ƙofar. Daga nan ya kashe, ya sauko da baya yana laluben matakin da ƙafa.

Wani maƙwabcinsa ne ya fara leƙowa ta saman katanga.

"Baba? Kai ne?"

"Ni ne."

"Su waye a baya?"

Na je na kwance igiyar na ɗaga labulen. Babu komai sai jak da tsohuwar taya. Mutumin ya daɗe yana kallon cikin, sannan ya juya ya kira wasu. A hankali mutane suka fara fitowa. Samari suka taru, kuma da suka ga hulata suka gane daga inda nake, muryoyi suka fara tashi. Wani ya ce gwaji aka aiko ni in yi, a ga yadda za su gudu. Baba ya shiga tsakanina da su ya ce motarsa ce, shi ya tuƙo, duk mai magana ya yi da shi. Wani dattijon coci ya iso ya kore su gefe. Ni ya duba, ba Baba ba.

"Malam, kai da ka yi aikin labarai. Kai ma?"

Na ce na yi kuskure.

Mama ba ta gida. Da labari ya iso, ta ɗauki ƙullin da kullum yake ajiye a bayan ƙofa, mai takardun gida da na makarantar yara, ta goya ƙaramar jikar, ta ja biyu, ta bi ta ƙofar baya ta hau duwatsu tare da sauran mata. Sai da aka aika aka kira su. Kusan sa'a guda muka jira. Baba ya zauna a kan wani dutse a gefen ƙofa, ya cire rigar sanyin ya ninke ta a cinya.

Ta sauko tana ɗingishi. Ta zame a kan dutse mai gansakuka, gwiwarta ta fashe, jini ya bi ƙafar ya bushe, takalmi ɗaya a hannunta. Tsohuwa ce siririya. Yarinyar da ke bayanta ta yi kuka har ta gaji. Da yaran biyu suka hango motar suka ja baya suka riƙe zaninta.

Ta tsaya ta dubi motar daga taya har tamfol. Ta dubi mijinta a kan dutse.

"Kofur, kai ka kawo wannan?"

"Ni na tuƙo shi. Daga Dutse Uku har nan." Ya miƙe. "Bari in hau ki gani. Zan juya shi a nan, ki tsaya kawai."

"Yaran nan ba su karya ba," ta ce. "Na bar wuta a kunne."

Ta wuce shi ta shiga gida da yaran, ta tura ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ya tsaya yana kallon ƙofar. Sai ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini, ya miƙa shi ɗan gefe da inda hannuna yake.

"Ka naɗe tamfol kafin ka tafi. Kar ka kunna wuta."

Ni na dawo da ita, da baya na fito daga layin, dattijon cocin yana tafe a gabana a ƙafa yana gaya wa mutane babu komai. Na goge katangar wani, na ɓare masa bulo biyu. A mararraba sojoji na gaske suka tsayar da ni, labari ya kai musu su ma. Babbansu ya karanta takarduna a tsanake, ya sa yatsa a kan sharaɗin ya nuna mini, ya ce in bi su. Na yini a wurinsu ina amsa tambayoyi. Ba wanda ya ci mutuncina. Da yamma suka sake ni da umarnin kada motar ta sake kwana biyu da wannan launin.

Mai unguwa ya zo washegari da mutum biyu. Ya lissafa mini: mai tumatir da aka tattake mata kaya, wata mai ciki da aka kai asibiti don firgita, Islamiyyar da aka sallami yara suka bazu iyaye na nema har azahar. Ya ce wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma ni na fi kowa sanin sau nawa aka sari garin nan. Na bi gidajen ɗaya-ɗaya na ba da haƙuri. Maiɗakina ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwa. Ni kaɗai na shafe koren, da farin fenti, a rana ɗaya, ban ko kankare ba. Har yau in rana ta faɗo a kan ƙofar ana ganin duhunsa a ƙarƙashi.

Baba bai sake zuwa ba. Na je gidansa sau biyu. Na farko aka ce yana kwance. Na biyu na same shi a zaure, muka yi zancen ruwan sama da tsadar gas, bai tambayi motar ba, ni ma ban kawo ta ba. A lokacin sai na yi magana yake gane ni.

Ranar da za su tashi ɗansa ya kira ni, na je sallama. An riga an ɗaure kaya a saman wata ƙaramar mota. An zaunar da Baba a kujerar baya, da sanda tsakanin gwiwoyinsa da kwandon kaji a gefensa. Na riƙe hannunsa ta taga, ya ce in gaida Hajiya maiɗakina, in ce ta yafe masa hayaƙin da ya sha ɓata mata shanya.

Mama ce ta fito ƙarshe, ta kulle ƙofa ta ba maƙwabciya makulli. Har yanzu tana ɗan jan ƙafar. Na gaishe ta, na sake ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Ta kama murfin motar za ta shiga, sai ta saki, ta matso kusa da ni ta rage murya don kada ya ji.

"Malam, tsakaninka da Allah. Ya iya tuƙin?"

Na ce ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta dubi tsohon ta gilashi.

"To," ta ce. "Ni dai ban gani ba."

Ta shiga ta zauna a gefensa, ɗansu ya tayar da mota.